Ɗakin da ke Ƙarƙashin Kwano

A Ingila, idan gida ya yi wa iyali kaɗan, sukan mayar da sararin da ke tsakanin silin da rufin gida ɗakin kwana, domin fili ya fi ƙarfin aljihun mafi yawansu. Hukuma ba ta amincewa da irin wannan ɗaki sai an yi masa shimfiɗar da ke hana zafi ratsawa. Inda ba a zauna a sararin ba, shawarar da ake bayarwa ita ce a shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 270 a bayan silin. Inda kuwa aka mayar da shi ɗaki, sai a cusa allunan soso mai tauri tsakanin katakan rufi, a bar ratar milimita 50 a samansu don iska ta riƙa wucewa. In ba haka ba, danshi zai taru ya ruɓar da katako ba tare da maigida ya sani ba.

Sau da yawa idan na kawo wannan misali a aji, ɗalibai kan ce ai wannan matsalar masu sanyi ce. To, shimfiɗar ba ta san bambancin Landan da Kano ba. Aikinta rage gudun zafi ne kawai: can tana hana shi fita, nan kuma za ta hana shi shigowa.

A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa, kwanon da rana ke duka kai tsaye kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙarfe siriri ba ya tare komai. Abin da ya ɗauka shi yake saukewa a kan masu ɗaki. Duk da haka, a unguwannin da ke kewaye da jami'o'inmu masu gidajen haya suna ɗora bene a kan tsohon gini, su kafe silin roba kusa da kwano, su toshe ko'ina, sannan su zuba ɗalibai huɗu a ciki. Wanda bai runtsa ba saboda zufa, da wace ƙwaƙwalwa zai shiga jarrabawa?

Magina na dā ba su yi wannan ganganci ba. Rufin soro na azarar giginya da laka mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai ya zamana tsakar rana ɗaki na da sanyi. Ba na kira a koma ga laka. Kwano ya hutar da mu yaɓe duk damina. Abin da ya dame ni shi ne mun ɗauki kwanon mun bar abin da ya kamata ya biyo bayansa.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A bar tazara tsakanin kwano da silin, a huda kafofin iska a gefe biyu a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye, a shimfiɗa audugar gilashi a bayan silin, kwanon kuma a shafe shi da farin fenti, kamar yadda birnin Ahmedabad na Indiya ya yi wa gidajen talakawa. A kiyayi farin soson da ake kunshe kayan lantarki da shi, domin yana kama wuta. Tun da kuɗin lantarkin rukunin A ya kai naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, mai na'urar sanyaya ɗaki ma yana da dalilin kiran kafinta kafin bazara ta kama.