Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙin Sudan ya tsawaita hanyar alhazai

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya, kuma jirgi kan cinye ta cikin awa huɗu da ɗoriya. Sai dai manomin Ɗambatta, Bichi ko Makoɗa da ya sayar da hatsi da shanun huɗa ya biya kujerar Makka, ba wannan tazara ce ke yanke masa farashi ba. Abin da ke yankewa shi ne hanyar da aka bar jirgin ya bi.

Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Tsohuwar hanya ce. Ita mahajjatan ƙasar Hausa suka riƙa bi a ƙafa da kan raƙuma, ta Borno da Darfur har zuwa Sawakin, tafiyar watanni ko shekaru. Da yawa sun yada zango a Sudan ba su dawo ba, kamar mutanen garin Mai Wurno. Hatta jiragen farko da suka sauka a Kano a shekarar 1925 ta Sudan suka biyo.

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni a fara jigilar maniyyata. Najeriya na da kujeru 95,000 a wannan shekara. Dole jirage suka yi zagaye, tafiyar ta doshi awa bakwai.

Kowace awa a sama kuɗi ce: ƙarin mai, ƙarin aikin matuƙa, da harajin ratsa sararin kowace ƙasa, galibi da dala. Haka kuma jirgin da ya daɗe a hanya sawunsa kan ragu, jigila ta yi jinkiri. Shi ya sa kamfanonin jiragen cikin gida suka ƙi sanya hannu a yarjejeniya da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, sai da aka amince da ƙarin dala 250 kan kowace kujera, alhali maniyyata sun riga sun biya kusan naira miliyan uku.

Irin wannan ƙari ba ya faɗuwa ƙasa banza: ko ya fita daga guzurin alhaji, ko daga baitulmali. Don haka duk lokacin da aka sanar da kuɗin kujera, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa daga NAHCON da hukumar alhazai ta Jihar Kano: nawa ne kason jirgi, wace hanya aka lissafa, kuma idan hanya ta gajarce, wa zai mayar wa manomi rarar kuɗinsa?