"Matata Ba Ta Aiki"

Mun sha jin wannan magana. A tambayi maigida a asibiti ko a ofis, "Wane aiki matarka ta ke yi?" Sai ya ce, "Ba ta aiki, tana gida." Malamin ya ja layi a takarda, shi ke nan.

To, bari mu bi wannan matar da ba ta aiki, mu ga yadda ta ke wuni. Tun asuba ta tashi ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka. Daga nan sai shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, kai niƙa, wanki. Ga goyo a baya, ga surukarta a ɗaki wadda ba ta iya tashi sai an tashe ta. Da yamma ta tuƙa tuwo. Da dare in yaro ya yi zazzaɓi, ita ce za ta kwana a zaune. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya.

Akwai masana a jami'o'in duniya waɗanda suka ba da ransu ga binciken wannan aiki, watau aikin kula da gida, da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya. Abin da suka gano ya shafi kowane gida namu.

Aiki ne ko ba aiki ba?

A shekarar 1934 wata masaniyar tattalin arziki a Amurka, Margaret Reid, ta kawo ma'auni mai sauƙi. In abu ne da za ka iya biyan wani ya yi maka, to aiki ne. Ba ka iya biyan wani ya yi barci dominka, ko ya ci tuwo dominka. Amma kana iya biyan mai dafuwa, da mai wanki, da mai reno, da ɗan garuwa. Ashe kuwa dukan waɗannan aiki ne, ko an biya ko ba a biya ba.

Kafin ta ma, wani masani na Ingila mai suna Pigou ya nuna wani abin dariya a cikin lissafin gwamnatoci. In mutum yana biyan mace albashi tana kula masa da gida, ana ƙirga kuɗin nan cikin arzikin ƙasa. In ya aure ta, tana nan tana yin aikin nan dai, amma a takarda sai a ga arzikin ƙasa ya ragu.

Wata 'yar Niyu Zilan, Marilyn Waring, ta shiga majalisar ƙasarsu a 1975 tana da shekara 23. Da ta zama shugabar kwamitin duba kashe kuɗin gwamnati, sai ta ga littattafan lissafi ba su san da aikin uwaye ba ko kaɗan. A 1988 ta fitar da littafi a kan haka, ya yi suna ƙwarai. Da aka gyara ƙa'idar lissafin arzikin ƙasashe a 1993, an amince ɗiban ruwa ya shiga lissafi. Amma dafa abincin iyali da reno da jinya, har yanzu suna waje.

Abin da aka gani a ƙasar Hausa

Ba a ƙasashen Turawa kaɗai aka yi wannan bincike ba. Wata baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. A 1969 ta rubuta cewa akwai wata babbar kasuwa a garin wadda baƙo ba ya gani, gama a cikin gidaje ta ke ci. Matan aure suna sayar da hatsi, da man gyaɗa, da dafaffen abinci, ba tare da sun fita ƙofa ba.

Bayanta kuma, wajen ƙarshen shekarun 1970, wata 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano. Ta tarar yara ne ƙafafun uwayensu. Su ne masu talla, su ne 'yan aike, su ne masu riƙe ƙanne. A daidai lokacin nan, a 1976, gwamnati ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Sai tambaya ta taso: in yarinya ta tafi makaranta, wa zai ɗauki farantin talla, wa zai goya jariri?

A nan ne maganar ta ke da nauyi. Aikin gida ba ya ɓacewa don an ƙi ƙirga shi. In ya fi ƙarfin uwa, kan 'yarta ya ke faɗawa. Da yawa cikinmu mun san yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa wadda aka cire daga aji huɗu domin an yi haihuwa a gida, ko domin kaka ta kwanta ciwo, 'yan'uwanta maza kuwa suka ci gaba da karatu.

Yadda su ke aunawa

Masu bincike su kan zauna da mutum su tambaye shi abin da ya yi jiya, tun daga tashi har kwanciya, su rubuta awa awa. Ko da haka ma lissafin ya kan gaza, domin mace ta kan yi aiki biyu ko uku a lokaci guda. Wadda ke daka da goyo a baya, tana kuma sauraron tukunya, wanne za a rubuta?

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara irin wannan bincike daga ƙasashe 64. Ta ce kowace rana ana kashe awa biliyan 16.4 a kan aikin kula da gida wanda ba a biya. Daidai ya ke da mutum biliyan 2 suna aikin awa takwas a rana ba albashi. Kashi 76 cikin ɗari na aikin nan mata ne ke yi. In an raba, mace tana yin awa 4 da minti 25 a rana, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Mu lissafa da kanmu: bambancin awa uku ne kullum, watau fiye da awa 1,000 a shekara. Har wa yau, mata miliyan 606 sun ce aikin gida ne ya hana su aikin samun kuɗi, maza kuwa miliyan 41. A 2016 kuma UNICEF ta ce mata da 'yan mata na duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa kaɗai.

Abin da gwamnatoci suka gwada

Wata malamar jami'a a Ingila, Diane Elson, ta taƙaita maganin cikin abu uku: a amince aiki ne, a rage wahalarsa, a kuma raba shi.

Ragewa ita ce famfo ko rijiyar burtsatse kusa da gida, da injin niƙa, da wutar lantarki, da asibiti wanda ba sai an wuni a layi ba. Rabawa kuwa tsakanin miji da mata ne, da kuma tsakanin iyali da gwamnati. Ƙasar Suwidin ta ba uwa da uba hutun haihuwa su raba a 1974, amma maza kaɗan ne suka karɓa. Sai a 1995 aka keɓe wata guda, in uba bai ɗauka ba ya wuce a banza. Daga nan ubanni da yawa suka soma zama gida da jarirai.

A Afirka ta Kudu, inda gwamnati ke ba tsofaffi fensho, masaniya Esther Duflo ta gano a 2003 cewa in kaka ce ta karɓi kuɗin, jikokinta mata da ke gidan su kan ƙara nauyi da tsawo. In kuɗin ya shiga hannun tsoho, ba a ga wannan ba.

A Nijeriya dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. A 2019 Jihar Kaduna ta mai da na ma'aikatanta wata shida, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza kwana 14. Wannan ci gaba ne. Amma fa mai tuyar ƙosai da mai aikin gona ba su da ofishin da zai ba su hutu, su ne kuwa suka fi yawa. Gare su, ruwa kusa da gida ya fi takardar hutu amfani.

Mu kuma fa?

Ba sai mun jira gwamnati ba. Bari kowane gida ya gwada abin da masana ke yi. A sami takarda da fensir, a rubuta aikin kowa na kwana bakwai, na maigida, na uwargida, na yara maza, na 'yan mata. Ranar ta takwas a zauna a duba tare, ba da faɗa ba.

Maigida, in ka ga naka layin gajere ne, ka zaɓi aiki ɗaya ya zama naka, ko ɗiban ruwa, ko kai yaro asibiti, ko kwana wurin tsohuwarka. Uwargida, ke ma akwai naki. In kin hana ɗanki taɓa tukunya da tsintsiya, matar da zai aura ce za ta biya. Kada kuma a cire yarinya daga makaranta kafin a zauna a tambaya, ba wani hannu a dangi da zai taimaka? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gobe in malamin asibiti ya tambaye ka aikin matarka, ka gaya masa gaskiya, ko da layin takardarsa ba zai isa ba.