Injin Fotokwafi da Haƙƙin Marubuci: Iyakar da Doka Ta Shata wa Jami'o'inmu

A kusan kowace jami'a, kwalejin ilimi ko kwalejin fasaha a Najeriya, akwai jerin shagunan fotokwafi da ba sa rabuwa da cunkoso, musamman idan jarrabawa ta gabato. A nan ne ake mayar da littafi mai shafi ɗari uku ya zama damin takardu, a ɗaure shi, a sayar wa ɗalibi a kan kaso kaɗan na kuɗinsa. Yanzu ma abin ya wuce takarda, domin littafi guda kan zagaye aji sukutum ta WhatsApp ko Telegram cikin 'yan mintoci. Ɗalibai da malamai da yawa suna ganin tunda don neman ilimi ake yi, babu laifi. Doka kuwa ba haka ta ce ba.

A ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin aiwatar da ita. A ƙarƙashinta, marubuci ba ya buƙatar yin rajista kafin rubutunsa ya samu kariya, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu.

Misali zai fayyace wannan. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce, da ake nazari a sassan Hausa na jami'o'inmu, ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2051. Littattafan Chinua Achebe, wanda ya rasu a 2013, suna da kariya har zuwa 2083. Rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗanfodiyo kuwa sun daɗe da fita daga wannan ƙangi, amma wanda ya fassara su a wannan zamani yana da haƙƙi a kan fassararsa.

Duk da haka, dokar ba ta rufe wa mai neman ilimi ƙofa ba. Ta amince da amfani da aikin wani bisa adalci, kamar don nazarin mutum na kansa, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi ko suka. Wajen tantance adalcin, ana duba manufar amfanin, irin aikin da aka ɗauko, yawan abin da aka ɗiba, da kuma tasirinsa a kan kasuwar littafin. Ga makarantu kuma, ta yarda a kwafi wani yanki na littafi domin koyarwa, muddin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba a cikin wata uku. Wato a littafi mai shafi 300, shafi 15 ke nan. Wanda ya kwafe littafi daga bango zuwa bango ya sayar, ya yi wa wannan iyaka tsallaken da babu uzurin da zai rufe shi.

Akwai kuma sassauci na musamman ga makafi da masu raunin gani. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sabuwar dokar kuma ta ba da damar mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da jiran izinin mai littafi ba. Wannan dama ce da ta kamata ɗakunan karatun jami'o'i su yi amfani da ita sosai.

Me ya sa, to, kwafin ya zama ruwan dare? Amsar tana cikin aljihun ɗalibi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 a 2024. Littattafan likitanci da injiniyanci, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, sun fi ƙarfin talaka. Na gida ma sun yi tsada, domin takardar da ake buga su da ita shigo da ita ake yi. Idan ɗakin karatu yana da kwafi biyu ga ɗalibai ɗari huɗu, ba sai an gaya wa kowa inda za su nufa ba.

Sai dai asarar ba a kan manyan kamfanonin Turai ta fi faɗawa ba. Malamin da ya shafe shekaru yana rubuta littafin nahawun Hausa ko tarihin Borno, ya buga kwafi dubu da kuɗin aljihunsa, shi ne ke kwana a ciki idan ɗalibi guda ya saya, saura suka kwafa. Gobe ba zai sake rubutawa ba, mawallafi ma ba zai sake zuba jari ba. Ƙarshenta ɗaliban gaba su rasa littafin da ke magana a kan ƙasarsu.

Malamai ma ba su tsira daga zargi ba. Takardun darasi da wasu ke tilasta wa ɗalibai saye, waɗanda jami'o'i da dama suka haramta sayar da su, sau da yawa babi-babi ne aka tsinto daga littattafan wasu, aka sa sabon suna a bango. Nan laifi biyu suka haɗu: keta haƙƙin mallaka, wanda kotu ke hukuntawa, da satar rubutu, wadda majalisar jami'a ke ladabtarwa a kanta. Haka nan kundin digirin ɗalibi: shi ne marubucinsa, kuma wanda ya duba aikin ba shi da hurumin buga shi da sunansa shi kaɗai.

Mafita tana nan, idan hukumomin makarantu suka so. Ƙungiyar REPRONIG, mai karɓar haƙƙin kwafi a madadin marubuta da mawallafa, tana ba makarantu lasisi: jami'a ta biya wani adadi, ɗalibanta su kwafa cikin halal gwargwadon yarjejeniya, kuɗin ya isa ga masu littafi. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta ɗora littattafan darussanta a intanet kyauta ga duk mai so. Asusun TETFund ma yana da kason tallafa wa ɗakunan karatu da buga littattafan malamai.

Korar mai shagon fotokwafi daga harabar makaranta ba za ta sa littafi a hannun ɗalibi ba, kawai layin zai koma bakin ƙofa ne. Abin da ke wuyan shugabannin jami'o'i shi ne su karɓi lasisi, su cika ɗakunan karatu, su kuma rubuta ƙa'ida bayyananniya da za a koya wa kowane sabon ɗalibi tun shekarar farko. Jami'ar da ke korar ɗalibi don ya saci amsa a jarrabawa, bai dace a ce ita ce ke zuba ido ana wawure guminsa marubuci a harabarta ba.