Sankarar Saman Maƙogwaro: Alamun Da Ke Nuna Wa Likita Ƙarfin Cutar

Tun shekarar 1971 da kamfanin SOMAÏR ya soma fitar da ƙarfen uraniyom a Arlit, kuma COMINAK ya bi sahu a Akuta cikin 1978, zancen sankara bai gushe daga bakin ma'aikata da iyalansu ba. Masana sun tabbatar iskar radon ta ramukan haƙo tana jawo sankarar huhu. Amma akwai wata sankarar da jama'a ba su sani ba sosai, wato ta saman maƙogwaro, wadda ke tsirowa bayan hanci ko gindin harshe. Manyan sanadinta su ne taba, da giya, da ƙwayoyin cuta iri biyu, EBV da HPV. Ta bayan hanci ta yawaita a kudancin Sin da kuma Aljeriya, maƙwabciyar jihar Agadas.

Sau da yawa majinyata biyu sukan zo da ƙari iri ɗaya, a yi musu magani ɗaya, wani ya warke, wani cutar ta komo masa. Wani sashe na dalilin yana cikin furotin, wato sinadaran da ƙwayoyin jiki ke ƙerawa. Likita yakan yanki ɗan tsoka daga ƙarin, a rina ta, a duba da madubin likita.

In sankarar gindin harshe ce, kuma furotin p16 ya bayyana da yawa, galibi HPV ce ta kawo ta, kuma irin wannan ta fi jin magani. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2010 ya nuna kashi 82 bisa 100 na masu irinta suna raye bayan shekara uku, alhali ga sauran kashi 57 ne. Yawan furotin EGFR kuwa alama ce ta ƙari mai taurin kai. Haka nan in awon jini ya nuna LDH ya hau ga mai sankarar bayan hanci, sai likita ya tsananta sa ido, domin tana iya bazuwa cikin jiki.

Tun 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai take gasa ƙari da hasken na'ura. Sai dai tsakanin Arlit da Yamai kusan kilomita 1,200 ne, kuma babu alamar da ta fi ƙaramcin ƙari ranar da aka gano shi. Saboda haka duk wanda ya ga kumburi a wuya, ko toshewar hanci gefe guda, ko haɓo mai komowa, ko kunne ɗaya ya daina ji, har mako uku, ya hanzarta zuwa likita. Haƙƙi ne kuma bisa shugabannin kiwon lafiya su sauƙaƙa aika majinyata da tsokar awo zuwa Yamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.