Tseren Ƙafa da Keke: Yaushe Mai Rauni Zai Koma Fage?

Da zarar an gama aikin kaka a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, gero ya shiga rumbu, sai samari su koma fagen kokowa, masu keke kuwa su kama hanyar kasuwannin jihar Maraɗi. Inda ake kokowa da tuƙin keke ba a rasa targaɗe da karaya. To, wanda ya ji ciwo har ya yi makonni a zaune, ya shiga gasa ko ya haƙura? Domin amsa wannan tambaya za mu duba wani wasa da ya haɗa abubuwa biyu da kowane ɗan karkara ya sani, wato gudu da keke.

Sunan wasan duwatalon. A tsarinsa na yau da kullum, ɗan wasa yana gudun kilomita 10 da ƙafa, ya hau keke ya yi kilomita 40, kana ya sauka ya ƙara gudun kilomita 5, ba tare da an tsayar da agogo ba. Akwai kuma gajere, mai rabin wannan nisa. Hukumar duniya mai kula da shi an kafa ta a birnin Abinyon na Faransa a 1989, aka yi gasar duniya ta farko a Kaliforniya, ƙasar Amurka, a 1990. Ana kasa masu tsere rukuni-rukuni, shekara biyar biyar: ƴan 35 zuwa 39 daban, ƴan 40 zuwa 44 daban, har zuwa dattawa. Ta haka magidanci yake gwada ƙarfinsa da tsararsa, ba da ɗan cikinsa ba.

Wahalar wasan tana ga gudun ƙarshe. Mutum ya sauko daga keke, cinyoyinsa sun yi nauyi, takunsa ya sauya. A nan ne tsohon ciwon gwiwa ko na idon sawu yake tashi, musamman ga wanda rauni ya katse wa horo.

Dalilin kuwa shi ne gaɓoɓin jiki ba su warkewa tare. Ƙaramin targaɗe yakan lafa cikin mako biyu ko uku, ƙashin da ya karye kuwa yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe. Bayan an koma horo, numfashi da zuciya sukan dawo da wuri, amma jijiya da ƙashi suna baya. Sai mutum ya ji ƙirjinsa wasai, ya ɗauka ya warke, ya ƙara gudu, ƙafa ta sake cinye shi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka masu horar da ƴan wasa suke bin mataki. Da fari a je likita ya duba, ko da maɗori ya riga ya ɗaure. Idan ya yarda, a fara da keke, domin keke yana ɗauke wa ƙafa nauyin jiki, yana kuma riƙe ƙarfin numfashi. Daga nan a shiga tafiya da sauri, sannan sassarfa gauraye da tafiya. Da yawansu ba su ƙara wa horon mako fiye da kashi ɗaya cikin goma. In aka wayi gari da kumburi ko ɗingishi, a koma matakin baya. Ranar gasa kuma, wanda bai samu cikakken shiri ba ya zaɓi gajeren tsere, ya sassauta a gudun farko, ya sa hular kwano, ya riƙe ruwan sha.

Shiga fage da ƙaramin shiri ba abin kunya ba ne. A wasannin Olimpik na Landan a 2012, ɗan ƙasarmu Hamadu Jibo Isaka, yana da shekara 35, ya shiga tseren kwale-kwale bayan horon wata uku kacal. Shi ne ya zo na ƙarshe, amma ya kai ƙarshen, jama'a suka yi ta yi masa tafi. Sai dai a lura: shi horo ne ya yi masa kaɗan, jikinsa lafiya lau yake. Mai ciwon da bai warke ba hukuncinsa daban ne.

Jihar da ta haifi Yakuba Kantu, wanda ya lashe gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, ba ta rasa jarumai ba. Abin da muke roƙon shugabannin gundumomi da malaman yaƙi da jahilci shi ne su faɗakar da matasa: ƙafar da ake tsere da ita, ita ce za ta bi kunya da hauya idan damina ta sauka. Gasa tana dawowa baɗi, amma noman bana ba ya jiran gurgu.