Sirrin kaurin kindirmo da yogot: Aikin ƙwayoyin da ido ba ya gani

Ƙwayoyin bakteriyar da ke sa madara ta yi tsami ba su tsaya a kan tsami kaɗai ba. Wasu daga cikinsu kan ɗauki ƙwayoyin sukari su ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, har su zama doguwar sarƙa, sannan su fitar da ita cikin madarar. Masana na kiran irin wannan sarƙa folisakaraid, kuma tana da hannu a kaurin kindirmo da yogot da santsinsu a baki.

Babbar siffarta ita ce riƙe ruwa. Idan madara ta daskare, furotin ɗinta kan haɗu kamar raga, sarƙoƙin nan kuma su shiga tsakanin ramukan su tsare ruwan, shi ya sa bai cika tsatsafowa sama ba. Abin mamaki shi ne ƙarancinta: a yogot, sau da yawa ba ta kai giram 1 a lita ba. Ba yawa ne ke aikin ba, tsawon sarƙar ne da yanayin rassanta. Doguwa mai tauri ta fi kawo kauri, mai rassa da yawa kuwa takan dunƙule, tasirinta ya ragu.

Tana kuma saki idan an motsa ta. A ƙwarya sarƙoƙin a harɗe suke, amma da maburgi ya shiga sai su miƙe su bi hanya ɗaya, madarar ta yi ruwa-ruwa. Duk wanda ya taɓa kaɗa miyar kuɓewa ya san wannan hali. A Finland ma yauƙin ake nema: madararsu mai suna viili takan biyo cokali kamar zare. Masu sarrafa yogot kan zaɓi irin waɗannan ƙwayoyi domin rage dogaro da sitaci, wanda a ganina ya fi wa mai saye.

A matatar sukari kuwa fitina ce. Idan raken da aka sare ya daɗe ba a matse ba, bakteriyar Leuconostoc mesenteroides takan mayar da sukarinsa wani sinadari mai danƙo da ake kira dekstiran. Ruwan raken ya yi kauri, tacewa ta yi wuya, ƙwayoyin sukari su fito dogaye kamar allura, a yi asara.

Wannan dekstiran ɗin ne dai masana biyu a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Anders Grönwall da Björn Ingelman, suka sarrafa a shekarun 1940 ya zama ruwan da ake ƙara wa wanda ya zubar da jini. Sai da aka datse sarƙoƙinsa suka gajarta kafin ya dace da jijiyar mutum. A nan ma riƙe ruwan ne amfaninsa: yana tsare ruwa a cikin jijiyoyi, sai dai ba ya ɗaukar iskar oksijin kamar jini.