Injin Haƙa Ya Tsaya A Jere Saboda 'Yar Waya Ɗaya

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ya taso daga Ikko ko Badun ya biyo ta Lokoja za shi ganin gida, in ya wuce Zuba da Tafa sai ya iso Jere, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna. Daga nan ne ake ɗaukar hanyar Kagarko da Kwoi har zuwa Kafanchan. Garin kuwa ya sha ƙurar manyan injuna, gama an yi aikin hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna wadda aka buɗe a 2016, da tasha a Jere, sa'an nan a 2018 aka shiga aikin sake gina babban titin Abuja zuwa Kano.

A wani ramin ɗiban jar ƙasa da ke bayan garin na tarar da injin haƙa na wani ƙaramin ɗan kwangila ya kwana uku a tsaye. Tifofi sun yi layi, leburori suna zaune a inuwa, su kuwa in ba a yi lodi ba babu kuɗin yini. Injin lafiyarsa lau, yana tashi da buɗe makulli ɗaya. Abin da ya faru shi ne fitilar gargaɗi ta kama, allon gaban direba ya nuna lamba 110-3, ma'aunin zafin ruwa kuma ya daina faɗin gaskiya. Direban ya kashe injin ya sauko. A ganina ya yi daidai, domin wanda ya ci gaba da haƙa bai san zafin ruwan lagireto ba, wata rana injin gaba ɗaya zai biya.

Na kawo wannan labari ne don na san da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke Ikko da Fatakwal wajen aikin katafila suke cin abinci, wasu direbobi, wasu yaran kanikawa.

Injunan yanzu suna da kwamfuta wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ce ke sauraron ƙananan na'urori masu jin zafin ruwa, da ƙarfin baƙin mai, da sauransu, ta hanyar wayoyi. In ta ji abin da bai yi mata ba sai ta fito da lamba mai kashi biyu. Kashin farko yana faɗin inda matsalar take: 110 zafin ruwa, 100 ƙarfin baƙin mai, 168 wutar batir. Kamfanin Caterpillar yana kiran wannan kashi CID, masu bin tsarin J1939 kuma suna cewa SPN. Kashi na biyu, watau FMI, shi ke faɗin irin matsalar. Lamba 3 wuta ta haura yadda ya kamata, 4 ta yi ƙasa, 5 hanya ta yanke, 6 kuma wuta tana zurarewa da yawa, galibi don waya ta taɓa jikin ƙarfe.

To, a nan ne mutanen Jere suka yi tuntuɓe. Bakanike ya duba ya ce 110 ai na'urar zafin ruwa ce, ta mutu. Aka aika Kaduna aka sayo sabuwa, aka ɗaura, lamba ta dawo kamar ba a yi kome ba. Sai aka fara maganar ƙwaƙwalwa ce ta ƙone, a aika kasuwar Ladipo ta Ikko a nemo wata. Mai injin ya yi shiru, don ya san kuɗin ba na wasa ba ne.

Alhali kuwa ƙwaƙwalwa ba ta ganin na'urar da ido. Abin da ya iso mata ta waya shi kaɗai ta sani. Ita ce ke tura 'yar wuta cikin wayar, na'urar kuma ta janye wani sashe gwargwadon zafin ruwa. In wayar ta tsinke a hanya babu mai janyewa, wutar sai ta tsaya a sama, ƙwaƙwalwa ta rubuta 3. Watau lambar da ke cewa wuta ta yi yawa, sau da yawa tsinkakkiyar waya take nufi. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta canza kaya masu lafiya.

A rana ta huɗu aka kawo wani mai gyaran waya, saurayi, da mita a aljihu da taswirar wayoyin injin a cikin wayarsa ta hannu. Bai kwance kome ba tukuna. Ya fara duba ko lambar tana nan a raye ko tsohuwa ce da aka ajiye, ya ga tana raye. Ya kashe makulli, ya zare soket ɗin na'urar, ya haɗa bakin wayoyin nan biyu da guntuwar waya, ya sake buɗe makulli. Hikimar ita ce, in wayoyi lafiya suke har zuwa ƙwaƙwalwa, lambar za ta juya daga 3 ta koma 4, laifi ya tabbata na na'ura ne. Ba ta juya ba. Sai ya je bakin ƙwaƙwalwar kanta ya yi wannan haɗi a can, nan take ta koma 4. Ashe ita ma lafiyarta ƙalau. Saura abin da ke tsakani.

Ya sa mita, ya bi damin wayoyi yana girgiza su taki-taki, har ya zo inda damin ya jingina da wani ƙarfe a gefen injin. Robar wayar ba ta ko fashe ba, amma tagullar ciki ta karye saboda jijjiga. Ya yanke, ya haɗa, ya rufe da roba mai tsukewa, ya ɗaure damin nesa da ƙarfen. Aikin bai kai awa biyu ba.

Na lura bai yi amfani da ƙwan fitilar gwaji irin na masu wayarin ɗin mota ba, bai kuma huda waya da allura ba. Irin waɗannan injuna batir biyu suke ɗauka, ƙarfin wutarsu bolt 24, amma yawancin ƙananan na'urorin da bolt 5 suke aiki, kuskuren taɓi ɗaya na iya lalata ƙwaƙwalwa. Ramin allura kuwa ƙofar ruwa ce, da damina ta sauka sai tsatsa ta ci tagulla daga ciki. Haka nan masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi suna cusa shi cikin soket, ga ɓeraye da ke shiga injin da ya daɗe a ajiye. Mai walda ma in zai yi aiki a jikin injin, a cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa tukuna, ya kuma maƙala wayarsa ta ƙasa kusa da inda yake waldar.

Kafin la'asar tifa ta farko ta fita da lodi. Tsohuwar na'urar da aka cire ba da laifinta ba, direban ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin akwatin kayan aiki.